Tagar da Ta Kauce wa Gabas

Mahaifina magini ne, amma a cikin magina ma shi na farkon gini ne. Shi ke zuwa fili tun babu komai a kansa sai ciyawa da kashin awaki, ya kafa turaku, ya ɗaura igiya, ya ce nan ɗaki zai tsaya, nan ƙofa, nan taga. Sai ya gama ne masu diga da shebur suke kamawa. Shi ya sa ake ce masa Mai Turke, har akwai waɗanda suka yi furfura tare da shi ba su san sunansa na yanka ba.

Kayan aikinsa ba su cika jaka ba. Igiya, tef na awo, guduma, da wata sanda miƙaƙƙiya da hannu ya goge ta har tana ƙyalli. Da hantsi zai kafa sandar a tsakiyar fili, ya ajiye tsakuwa a daidai inda inuwarta ta ƙare, ya ja da'ira da igiya ta bi ta kan tsakuwar. Daga nan sai ya nemi gindin bishiya ya zauna. Inuwar za ta yi ta gajarcewa, ta juya, ta sake miƙewa, kuma a lokacin da bakinta ya sake taɓa da'irar da yamma, sai ya ajiye tsakuwa ta biyu. Layin da ya haɗa tsakuwoyin nan biyu shi ne gabas da yamma, babu ragi babu ƙari. Masu fili sukan yi ƙorafi, wai sun ɗauki mutum aiki ya wuni yana gyangyaɗi a inuwa. Baba sai ya ce ba gyangyaɗi yake ba, jiran mai gidan yake, don rana ce za ta fi kowa daɗewa tana shiga gidan nan, gara a tambaye ta ta ina take son shigowa.

Ina ƙarama nakan kai masa abinci wurin aiki in zauna kusa da shi. Yakan ba ni labarin rana kamar wata tsohuwar maƙwabciyarsa mai yawo. Ya ce ba a wuri ɗaya take fitowa ba. Rabin shekara tana jan jiki zuwa kudu, rabin shekara tana dawowa arewa, kowace safiya taku ɗaya, kuma ba ta taɓa ɓata hanya ba. Ni kuwa ina sauraro ina lumshe ido, har in riƙa ganin ɗakunan da ba a gina ba suna tsaye a kan ciyawa, da labule, da mutane a ciki suna shan shayi.

Sai dai duk gidajen nan da ya tambayar wa rana hanya, na mutane ne. Mu a ɗakunan haya muka tashi, guda bakwai na ƙirga, kuma kamar an yi mana baki, babu wanda tagarsa ta kalli gabas. Wani bangon maƙwabci yake kallo, wani kwata, wani ma tagar kusa da rufi take, sai ka taka kujera ka ga sama. Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, ta tashi ne a ɗakin da rana ke tada ta daga barci. Takan ce a yatsun ƙafa take fara sauka, ta hau gwiwa, ta hau ƙirji, kafin ta kai fuska mutum ya riga ya yafe wa duk wanda ya ɓata masa rai jiya. A satin farko na aurensu ta faɗi wannan magana, Baba kuwa da zafin angonci ya yi mata alkawarin ɗaki mai taga a gabas. Shekara arba'in da ɗaya tana tsokanarsa da shi. In ya dawo da siminti a gira, sai ta tambaye shi yau kuma matar wa ya kai wa rana. Dariya suke yi su biyun, amma na san maganar tana sukarsa.

Cikin kayan da muka yi ta ja daga haya zuwa haya akwai wani dogon madubi na jikin tsohuwar wadirof ɗin Inna. Wadirof ɗin ta ruɓe tun a gida na uku, madubin ya rage. Duk tashi, ita ke naɗe shi da bargo ta rungume shi a bayan mota, ba ta yarda kowa ya ɗauka.

Filin ya samu ne a ƙarshe, can bayan gari inda aka yanka sabbin filaye, amma ya zo tare da abubuwa biyu. Inna ta faɗi a bakin murhu wata safiya, ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ta koma kalma ɗaya ɗaya. Shi kuma Baba yanar ido ta rufe masa gani, har in ya kafa sanda ba ya iya rabe bakin inuwa da ƙasa. Likita bai ɓoye mana ba game da Inna. Ya ce abin da za a yi mata na jin daɗi a yi shi da wuri. Tsofaffin yaran Baba, waɗanda yanzu kowannensu maigidan kansa ne, suka taru suka ce shi dai ya kafa musu turaku, su za su tada ɗaki biyu kafin ya dawo daga aikin idon da aka sa masa rana. Babbansu shi ne Dogo, mutumin da ya kai shekara hamsin da wani abu, yana da jikoki, amma har gobe in Baba na magana sai ya cire hula ya riƙe.

Kwana uku suka rage a tafi asibiti, kuma kwana ukun nan duka hadari ya rufe sama. Ba ruwa ba, ba rana ba, sama fari fat kamar an shafa farar ƙasa. Muna zuwa filin da safe, Baba ya kafa sanda, ni in tsuguna in zama idonsa, amma inuwa ko ta magani babu. A rana ta uku da la'asar ƙanina ya zo. Auta muke ce masa, ma'aikacin ofis ne, mutum mai kirki, sai dai in ya sayi sabon abu sai kowa ya ji a jikinsa. Ya fito da wayarsa ya buɗe kamfas mai nuna gabas da yamma, wata kibiya ja tana lilo a kan gilashi. Ya ce an daina wahala da sanda tun tuni, wannan da taurarin sama take magana. Sannan ya ɗaga wayar yana murɗa ta a iska, sama da ƙasa, hagu da dama, wai yana daidaita ta. Na ce masa in ƙuda yake kora ga mafici a jakata.

Baba ya miƙa hannu. Ya karɓi wayar ya kai ta dab da hancinsa, bai ga komai ba sai haske. Ya juya fuskarsa yana neman iska, ya ce shi jikinsa yana ba shi gabas ta fi nan dama. Auta ya yi dariya irin ta lallashi, ya nuna masa lambobi, ya ce inji ba ya son kai, ba ya tsufa. Wannan kalma ta tsufa ita ta karya Baba, na ga lokacin da ta shige shi. Ya miƙa wa Auta guduma ya ce, "To, inda ta nuna maka, buga."

Haka aka kafa turakun gidanmu, karo na farko a rayuwarsa da bai tambayi rana ba.

An yi masa ido ɗaya, bayan sati uku aka yi ɗayan, kuma an hana shi ƙura da rana. A gidana ya yi jinya, ɗaki ɗaya da Inna, shi da bandeji ita da shirunta. Ban taɓa ganinsu kusa da juna kamar a makonnin nan ba. Yakan kwanta rigingine ya riƙa zagaya da ita cikin gidan da bai gani ba. Ga ƙofa nan, a kula da dakali. Ga gadonki, kansa a yamma. Ga taga, faɗinta ƙafa biyar, na ce Dogo ya sauke ta ƙasa sosai don kada ki ɗaga wuya. Yanzu asuba ta wuce, zakaran maƙwabta ya yi kuka na biyu, ga rana nan ta taɓa yatsunki. Inna sai ta motsa yatsun ƙafarta mai lafiya a ƙarƙashin mayafi. Ni ina bakin ƙofa da kwanon wanki, ban san lokacin da nake tsayawa ina jiran rana ta kai gwiwa ba.

Sati takwas aka gama. Muka tare da yamma, filasta tana warin ɗanye, Auta ya ɗauko Inna a hannu kamar jaririya ya shimfiɗe ta a gadon. Da asuba duk mun hallara a ɗakin, babu wanda ya kira wani. Baba ya zauna a bakin gado da sabbin idanunsa, yana kallon komai kamar baƙo. Gari ya waye. Tsakar gida ta yi haske, kan katanga ya yi ja. A tagar kuwa, wani siririn haske ne ya lashi gefen bulo na hagu, faɗinsa bai fi yatsa uku ba, ya tsaya kamar mai sallama a gidan da ba a amsa ba, sannan ya janye. Gadon yana cikin inuwa. Inna tana kallon yatsun ƙafarta.

Baba ya miƙe tsaye. Ya fita, ya ɗauko sandarsa, ya kafa a tsakar gida, ya wuni a gabanta ko ruwa bai sha ba. Da ya ajiye tsakuwa ta biyu ya ja igiya, ko ni da ban san gini ba na gani. Gidan gaba ɗaya ya karkace, tagar ta bar gabas ta koma wajen arewa, kusan rabin tazarar da ke tsakaninsu. Ga shi kuma lokacin da rana ke tafiya kudu ne. Baba ya ƙirga da yatsu, ya ce sai ta je ta juyo, wata biyar, sannan za ta shiga tagar nan da ƙafarta. Ɗaya bangon da zai karɓi rana kuwa a manne yake da katangar maƙwabci, ba wurin fasa taga. Babu wanda ya ce wata biyar ya yi wa Inna yawa, amma kowa ya ji.

Da aka kira Dogo, abin da ya faɗa ya fi komai ba ni haushi. Ashe tun ranar da suka fara haƙa harsashi ya lura. Ya ce duk safiya rana ta kusurwa take fito musu, kuma in sun tashi salla a wurin, sai su ga sun saɓa da layin ginin. Har sun yi maganar a tsakaninsu. Amma turakun Mai Turke ne. Shekara talatin bai taɓa ganin an cire turken Baba an matsar ba, kuma duk wanda ya taɓa tambayar dalili ya ƙare da jin kunya. Sai suka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, wataƙila wata iska maigida yake tarar wa Inna. Suka bi igiya sak, suka yi gini mai kyau, bulo a kan bulo, a kan kuskure. Yana maganar yana murza hularsa. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ce laifin Dogo ɗaya ne, ya yarda da shi, shi kuma ya yarda da abin da bai sani ba.

Auta kuwa ya shiga wani hali. Washegari ya ja ni zuwa wurin mai gyaran waya, wani mutum mai tabarau biyu a goshi, cikin shago mai faɗin tabarma. Mutumin ya buɗe kamfas ɗin, ya ajiye wayar a kan tebur, ya jera wasu guda biyu kusa da ita. Biyun suka nuna wuri ɗaya, ta Auta ta nuna nata daban, cikin natsuwa, ko rawa kibiyar ba ta yi. Ya ce babu abin da ya lalace a cikinta, na'urar da ke jin arewa lafiyarta ƙalau. Manhajar ce. Kwanakin baya wayar ta sabunta kanta, sabon tsarin ya zo da kuskure a lissafi, yana karɓar gaskiya daga na'ura ya murɗe ta kafin ya nuna. Ya ce mutane da yawa sun kawo masa irin wannan, kuma ko ka wuni kana kaɗa ta a iska ba za ta gyaru ba, sai masu ita sun aiko da gyara. Na tambaye shi me ya sa ba ta faɗa ba, ta ce yau ba ni da tabbas. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba a koya mata ba.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan har yau. Mutum in bai san hanya ba yakan sosa ƙeya, muryarsa ta sauka, ka gane. Wannan kuwa ƙarya take da fuskar gaskiya. Bayan sati biyu gyaran ya iso, ta sake sabunta kanta, kibiyar ta koma daidai, ko sannu ba ta ce mana ba. Auta ya zo ya nuna wa Baba, idonsa ya kawo ruwa. Baba ya dafa kansa ya ce ya bar zancen, aikin gama ya gama, ya zo ya kama masa bulo.

Don a lokacin Baba ya riga ya fara wani abu. Kwana biyu ya yi yana zagaya tsakar gida da asuba, yana tsayawa nan, yana tsayawa can, yana kallon taga yana kallon inda rana ke ɓullowa. Sai ya kafa turke ɗaya, taku tara daga tagar. A wurin ya tada ɗan ginshiƙi na bulo huɗu. Ya shiga ɗaki ya durƙusa a gaban gadon, ya roƙi Inna aron madubinta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, da ƙyar, "Kar ka fasa."

Washegari ya ɗora madubin a kan ginshiƙin, ya tsaya a bayansa ya riƙe da hannu biyu. Ni ina ciki. Rana ta hau katanga, sai ga wani haske mai kusurwa huɗu ya faɗo ɗakin, ya bugi rufi, ya gangaro bango yana rawa. Na leƙa na ce ya yi ƙasa kaɗan. Ya yi ƙasa. Na ce dama. Hasken ya zamo daga bango, ya hau ƙarshen gado, ya sauka a kan yatsun Inna. Ta motsa su. Ƙurar da ke yawo a ɗakin duk ta zama zinariya, ni kuma na ji kamar na koma gindin bishiyar nan ina yarinya, ina ganin ɗakin da ba a gina ba. Baba ya ɗaga murya daga waje ya tambaya ko rana ta kai. Na ce ta kai. Sai ya fara ɗaga ta a hankali, gwiwa, ƙirji, yana ƙirga numfashinsa, don ya san tsawon gadon ya san tsawon matarsa. Da ta kai fuska Inna ta lumshe ido, rabin bakinta mai lafiya ya yi murmushi.

Madubin ba ya zama shi kaɗai. Rana tana tafiya, in ka sake shi minti biyu hasken ya bar gado, kuma gobe ba inda ta fito yau za ta fito ba. Don haka kullum sai an riƙe. Auta ya gwada, hasken ya yi ta tsalle a bango kamar ɗan akuya. Ni ma na gwada sau ɗaya don Baba ya shiga ya gani da idonsa, hannuna ya yi ta karkarwa, na haske wa Inna kunne da ƙofar banɗaki, har ta yi wata 'yar dariya da muka daɗe ba mu ji ba. Baba ya fito ya karɓe abinsa. Hannun da ya shekara arba'in yana riƙe igiya ba ya rawa. Haka ya zama shi ke kawo ranar, mu ke ganinta a fuskarta. Abin da yake samu kawai shi ne muryata ta taga.

Safiya tamanin da shida ya yi yana wannan tsayuwa. A ta tamanin da bakwai na shiga ɗakin na tarar Inna ta riga ta tafi, cikin barcinta, mayafinta a gyare. Kafin in samu bakin magana hasken ya shigo, ya sauka a kan yatsunta. Na ji Baba yana tambaya ko ta kai.  Ya sake tambaya sau ɗaya, bai ƙara ba. Hasken ya ɗan girgiza, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya daidaita. Ya hau gwiwa, ya hau ƙirji, a hankali kamar kullum, ya kai fuska, ya tsaya a nan har rana ta ɗaga ta fi ƙarfin madubin. Sai a lokacin Baba ya shigo.

Baba yana nan da ransa, a gidan yake zaune, ya daina fita aiki sai dai in Dogo ya zo da tambaya, kuma yanzu ya kafa masa doka, duk turken da ya gani bai gane ba ya tambaya, ko na waye. Madubin ya naɗe shi da bargo ya jingine a bayan ƙofa.

Wata biyu bayan rasuwar na je kwana wurinsa. Da safe ina shara a tsakar gida na ga ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna, bai shiga ba. Na leƙa ta kafaɗarsa. Rana ta gama yawonta ta juyo arewa, ta shigo ta taga da ƙafarta, babu madubi babu mai riƙewa, ta cika gadon tun daga ƙafa har matashi. Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da yake wa lebura in ya iso bayan an gama zuba kankare.

"Sai yanzu?" ya ce mata.

Sannan ya cire takalmansa, ya shiga, ya zauna a gefen gadon inda ƙafafun Inna suke zama, ya miƙe nasa cikin hasken.